Ruwan Ɗorawa a Bangon Ɗaki: Tafiyarmu Damagaram

Ƙungiyarmu ta mata a nan Maraɗi take. Mu 24 ne, kowace Talata bayan la'asar muke zama a tsakar gidan shugabarmu, a shimfiɗa tabarmi, a fito da akwati mai kwaɗo uku a aje tsakiya. Shekararmu ta shida ke nan muna zubi. Mun ba da rancen awara da na ƙuli-ƙuli, mun ba da na tunkiyar kiwo da na keken ɗinki, har na firji sau ɗaya. Amma ba mu taɓa yin gardamar da ta kai wadda muka yi a kan fenti ba.

Ɗaya daga cikinmu ce, mai kitso da lalle, wadda mai gidanta ya rasu bara waccan ya bar ta da yara huɗu. Ta ɗaga hannu ta ce tana son rancen jikka 20, za ta shafe ɗakinta. Wuri ya yi tsit. Ma'ajiyarmu, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta, ta ce, "Ƙanwata, dokarmu kin san ta. Kuɗin akwati na sana'a ne. Tunkiya tana haihuwa, fenti ba ya haihuwa."

Ita kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, ɗakin nan shi ne shagona. Amarya ta zo lalle ta zauna awa huɗu tana kallon bangon da hayaƙi ya cinye, kina tsammanin gobe za ta kawo mini ƙawarta?"

Da aka tambaye ta launin da take so, sai ta ce ruwan ɗorawa, mai ɗan duhu kamar zinariya. Nan wasunmu suka yi dariya, kuma da mu da muke rubuta wannan a cikin masu dariyar, ba za mu ɓoye ba. A unguwarmu shuɗi ake shafawa, ko kore, ko fari idan mutum yana ji da kansa. Wata ta ce ɗakin zai koma kamar kanti. Shugaba ta ga magana za ta yi tsawo, ta ce a ɗage sai mun dawo daga Damagaram, don a makon ne mu bakwai za mu je bikin ɗiyar ƙanen ma'ajiya, kuma mai kitson tana cikin tafiyar, ita za ta yi wa amarya ƙunshi.

Mun tashi bayan asuba a cikin watan Janairu, hunturu ya kankama, kowa ta naɗe kai da kunne. Tsakanin Maraɗi da Damagaram kilomita 230 ne da ɗoriya, a bi ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takyeta. Wadda ta saba hanyar ba ta ko leƙa taga. Amma wannan karon mai kitson ta zauna bakin taga, can wajen Gazawa da rana ta ɗan ɗago cikin hazo sai ta taɓa ta kusa da ita ta ce, "Dubi abin da kunka yi ma dariya." Muka duba. Karan hatsi da aka bari a gonaki, jinkar rumbuna, yashin bakin hanya, busasshiyar ciyawa, har ita kanta ranar, duk launi ɗaya ne, wani ya fi wani duhu kawai. In ban da gawo, wanda shi sai rani yake fitar da ganyensa, babu kore ko ɗaya. Ma'ajiya ta ce to ai shi ke nan, tun da ya cika waje me ya sa za a kai shi cikin ɗaki. Muka sake dariya, amma ba irin ta ranar Talata ba.

Damagaram duwatsu ne suke fara yi wa baƙo maraba, manya manya, a jibge kan juna kamar wani ne ya aje su ya manta. Gidan ango a Birni yake, tsohuwar unguwar da fada take. Mota ba ta shiga lungunan, sai da muka sauka muka ɗauki kaya a ka, yara suna gaba suna nuna mana hanya. Wanda bai san wurin ba ɓacewa zai yi, lungu ya shiga lungu, ka ga kamar ya ƙare sai ya ɓulle gefen wani dutse.

Washegari da yamma, kafin a fara hidima, wata ƙanwar ango ta zagaya da mu. Ta kai mu ƙofar fadar Sarkin Damagaram, muka ga dogarai cikin ja da kore, muka ji labarin Sarki Tanimun wanda a zamaninsa garin ya yi ƙarfi, aka kewaye shi da ganuwa, fatake suna zuwa daga Kano da Barno da kuma ta hamada. Ta tuna mana cewa nan ne babban birnin ƙasar a zamanin Turawa kafin su mai da shi Yamai a 1926, kuma ta faɗe shi ne da irin muryar da ƴan Damagaram suke faɗarsa, kamar jiya aka yi musu ƙwacen. Amma mu idonmu yana kan bangaye. Tsofaffin gidajen Birni da na Zango suna da zane a fuskar zaure, an tono shi ko an ɗora shi da hannu tun yaɓen yana ɗanye: dagi, da'ira, takobi, wasu siffofin da ba mu san sunansu ba, ga zankwaye a saman soro kamar kunnuwan zomo. Wasu an bi zanen da launuka masu haske, wasu an bar su da launin ƙasarsu. Wasu kuma, abin tausayi, sun zube rabi, an toshe gurbin da bulon siminti.

Abin da ya tsayar da mu shi ne lokacin da rana ta sunkuya. Bangon da muka wuce da azahar muka gan shi fari-fari, ƙura-ƙura, babu abin sha'awa, yanzu ya koma kamar an zuba masa zuma. Muka tsaya shiru a bakin wani zaure har mai gidan ya fito ya tambaya ko wani muke nema. Ba a fi rabin awa ba abin ya wuce, magariba ta rufe shi. Mai kitson ba ta ce komai ba, ba ta ma dube mu ba.

A daren ne aka kai mu gaida kakar ango. Tsohuwa ce ƙwarai, ba ta fita, ɗakinta yana can ƙuryar gida, rufin azara, ƙofa gajera sai an sunkuya. Da muka shiga muka zauna, idonmu ya saba da fitilar da ke rataye, sai muka ga bangon. Launin nan ne. Ba mai ƙyalli ba, mai laushi, kamar garin ɗorawa a tafin hannu. Daga ƙasa zuwa kamar ƙugun mutum an shafa ja mai duhu, daga nan zuwa sama rawaya. A jikin bango ɗaya ga jerenta na tasoshi da kwanonin sha da fanteka, tun na aurenta, an goge su tas, hasken fitila yana faɗa musu yana komawa kan bangon. Ɗakin ƙarami ne, amma ba ka jin ya matse ka.

Bayan gaisuwa mai kitson ta matsa kusa ta ce, "Inna, wa ya yi miki wannan shafen?"

Tsohuwar ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, da can ni nake yi da hannuna, yanzu jikoki ke yi ina zaune ina faɗa." Ta ce kowace shekara kafin azumi ake sabunta shi, kuma tun tana amarya ba ta canza launi ba, don ɗakin taga ɗaya gare shi, ƙarama, idan aka shafa shuɗi sai ya zama kamar rijiya. Fari kuma, in ji ta, kwana nawa ne hunturu ya mai da shi abin da ya ga dama? "Wannan kuwa ƙura ƴar uwarsa ce. Ta zauna a kansa ba ka gane ta."

Daga nan hira ta ɓarke, muka manta da biki. Ta ba mu labarin yadda mata suke haɗuwa daɓen ɗakin amarya, a baza tsakuwa da ƙasa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, ana yayyafa ruwan makuba har daɓen ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Yaranmu da yawa ba su san makuba ba. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa, ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a shafa a bango ko daɓe, ya hana ruwa ci. Ku duba ikon Allah a kan itace guda: garin cikinta mu sha, shi ne ma ya ba launin sunansa, ƙwayarta kalwa mu yi daddawa, ɓawonta kuma ya tsare mana gini. Ta kuma ambaci laso, wanda magina suke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, su shafe rufin soro da shi. Wata cikinmu ta tambaya ko saiwar rawaya, wadda ake rina zane da ita ake kuma sa wa miya, za ta yi a bango. Ta ce ta gwada tana yarinya, ya yi kyau mako biyu, daga nan ya koɗe. Nata farar ƙasa ce ake dama wa da garin kala, a zuba ruwan ƙaro kaɗan don kada ya riƙa bin tufafi.

Ƙanwar angon nan da ta zagaya da mu ma'aikaciyar jinya ce, tana tsaye bakin ƙofa tana jin mu. Da ta ji mai kitson ta ce ita fentin mai take so, mai ƙyalli, na gwangwani, sai ta shigo ta zauna. Abin da ta faɗa shi ne dalilin da ya sa muka ga lallai mu rubuto muku, don yawancinmu ba mu taɓa jin sa ba. Ta ce fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, sau da yawa da sinadarin darma ake haɗa launinsa. Yana bango lafiya lau ba a ganin komai. Amma idan ya tsufa ya fara ɓarewa, ko aka kankare shi za a sake wani, ƙurarsa da ɓarɓashinsa suna zuba ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Darma ba ta sa zazzaɓi a ce ga ciwo, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Mai ciki ma tana iya kai wa abin da ke cikinta. Ta tuna mana abin da ya faru a Zamfara, maƙwabtanmu, a 2010, inda gubar darma ta kashe yara sama da 400. Ta ce can daga dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gidaje, ba daga fenti ba, kuma na fenti bai kai wannan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ga yaro babu ɗan kaɗan ɗin da za a ce ba komai. Shawararta, a ɗakin da yara suke kwana a yi amfani da fentin ruwa ko farar ƙasa. In dole sai na mai, don ƙofa ko taga, a sa wanda ya iya karatu ya duba gwangwanin ko an rubuta babu darma a ciki, kuma kada a kankare tsohon fenti a bushe yara suna wurin.

Mai kitson autanta bai cika shekara uku ba. Muka ga ta yi shiru tana murza bakin mayafinta.

Ranar Alhamis, wadda ita ce babbar ranar kasuwa a garin, muka shiga Kasuwar Dole sayen tsaraba, muka ratsa wajen masu kayan gini. Muka tarar da wani dattijo mai aikin fenti yana jiran ciniki, tufafinsa sun sha launi kala-kala har ba a san asalin launinsu ba. Da ya ji abin da muke nema, tambayarsa ta farko ita ce, "Hajiya, ɗakin na ƙasa ne ko na siminti?" Aka ce na ƙasa. Ya ce to a manta da fentin mai gaba ɗaya, ko da babu maganar yara. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, idan aka rufe masa fuska da mai sai danshin ya taru a baya, fentin ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon albasa, wani lokaci ya taho da yaɓen. Farar ƙasa ita ce ke tafiya da shi. Bangon siminti kuwa fentin ruwa ya fi, amma idan sabon yaɓe ne a ba shi kamar wata guda ya bushe sosai.

Ya ƙara mana wasu abubuwan, muna tsaye ma'ajiya tana rubutawa a bayan takardar sayayya, ita da ta ce fenti ba ya haihuwa. A gyara yoyo da indararo da tsagar bango tukuna, in ba haka ba damina ɗaya ta kwashe kuɗin. A dama abin da zai isa ɗakin duka a lokaci guda cikin babban mazubi, don idan ya ƙare aka sake haɗi ba za a taɓa samun launi ɗaya ba. Farar ƙasa tana da duhu tana ɗanya, idan ta bushe sai ta yi haske sosai, saboda haka a gwada a ɗan wuri, a bari ya kwana, a dube shi da safe, a dube shi da yamma, a dube shi da fitila. Rawaya zalla tana iya yin tsami a ido, ta karkata wajen kore, musamman a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, sai a ɗiga mata ja ɗan kaɗan, kamar yadda ake sa gishiri a miya. A shafa siriri sau biyu ko uku ya fi a lafta mai kauri sau ɗaya. Kuma farar ƙasa tana cin hannu tana ƙona ido, a ɗaura leda ko safar hannu, a kori yara. Muka sayi garin kala ƙulli uku na rawaya da ɗaya na ja a wurin maƙwabcinsa. Bai karɓi ko dala ba a kan shawarar, sai goro da shugaba ta miƙa masa.

Biki ya yi kyau, amarya ta tare lafiya, ƙunshin da ƴar uwarmu ta yi har dangin ango suna tambayar ko za ta dawo. Wannan labarin wani zama ne.

Talatar da ta biyo bayan dawowarmu aka sake buɗe maganar. Wannan karon mai kitson ta zo da lissafi a takarda, ɗanta na lakwal ya rubuta mata. Tun da ba fentin gwangwani za ta saya ba, jikka 20 ta sauko zuwa 12, kuma fiye da rabi na gyaran indararo ne da yaɓen kusurwar da ruwa ya ci, da buhun farar ƙasa da buroshi biyu. Ma'ajiya ba ta sauka daga kan bakanta ba. Ta ce ita ba ta ƙi ƴar uwarta ba, tsoronta ƙofar da za a buɗe, gobe wata ta zo da rancen labule, jibi wata da na gado, akwati ya koma na ƙawa, ranar rabo a tarar da shi ba nauyi. Kuma gaskiya ne, mun san ƙungiyoyin da irin wannan ya rusa. Wata dattijuwarmu ta amsa mata cewa dokar ta ce sana'a, ba ta ce sana'ar da ake yi a kasuwa kaɗai ba, kuma yawancinmu a cikin ɗaki da tsakar gida muke neman abincinmu. Aka jefa ƙuri'a da tsakuwa kamar yadda muka saba. 17 suka yarda, 6 suka ƙi, mai neman ba ta jefa ba. Aka ba ta na wata uku, da ɗan abin da muka saba ɗorawa a kai.

Aikin gayya muka yi, ranar Asabar, mu tara. Gwajin farko da muka yi a bayan ƙofa mun zuba ja ya yi yawa, ya fito kamar miyar taushe, yaranta suna ta dariya. Na biyu ya yi fari da yawa bayan ya kwana. Na uku ne ya zauna. Muka fitar da kaya waje, muka tura yara gidan maƙwabta, muka shafa sau biyu, ƙasa kuma muka yi masa ja mai duhu zuwa ƙugu irin na tsohuwar Birni, don nan ne hannun yara da bayan masu zama suke gogawa. Ma'ajiya, wadda tana cikin shidan da suka ƙi, ita ta zo da ƙaron, ita kuma ta hau turmi ta shafe saman da hannunmu bai kai ba. Da muka tsokane ta ta ce tun da kuɗin akwati ya riga ya shiga bangon, dole ta tsaya ta ga an shafa shi daidai.

Tagar ɗakin yamma take kallo. Wajen ƙarfe biyar rana ta shigo ta faɗa kan bangon gabas, inda ta rataye madubinta da ƴan kwanoninta, muka zauna a ƙasa da ledoji a hannu muna kallo, ba wadda ta tashi sai da aka kira magariba.

Yanzu wata biyu ke nan. Ta biya kashi biyu cikin uku a kan lokaci. Ta ce masu zuwa kitso sun ƙaru, kuma ƴan mata suna ɗaukar hoton lallensu a jikin bangon su tura wa ƙawaye, amma ita da kanta ta ce lokacin bukukuwa ne, ba za ta rantse cewa bangon ne ya kawo su ba. Akwai wuri ɗaya kusa da ƙofa da yake ɗan bin hijabi, da alama ƙaron bai ji ba a nan, za mu sake bi. Ma'ajiya ta ce ita ba za ta ce komai ba sai damina ta zo ta wuce ta ga kusurwar nan. Wasu biyu kuma a cikinmu sun riga sun ce suna da magana ranar Talata mai zuwa, ɗaya mai sayar da fura ce a zaure, ɗayar kuwa ba ta sana'ar komai a ɗakinta, so take kawai ta shafe shi kafin azumi. Ta biyun ce ba mu san yadda za mu yi da ita ba. In akwai ƙungiyar da ta taɓa samun irin wannan a Tawa ko Damagaram ko Yamai, ku rubuto mu ji yadda kuka yanke.